Tsutsotsin Lina a Hannun Hajiya Hassia

Hajiya Hassia ta shekara arba'in da ɗoriya tana gaba da ƙwaro. Tun tana yarinya a rumfar hatsin mahaifinta a Maradi aka koya mata cewa duk wani baƙin abu mai ƙafa shida da ya shiga buhu ɓarawo ne, kuma hukuncinsa ɗaya. Da ta zo Paris ta buɗe shago a Château Rouge, tana sayar da gero da wake da kuka da daddawa, ba ta baro wannan gabar a gida ba. Takan cusa hannu cikin buhun wake har gwiwar hannu, ta zaro ta shinshina, ta ce wa mai kawo kaya ya kwashe abinsa ya ƙara gaba. Matan unguwa sun san waken Hajiya ba ya huji. Da wannan take taƙama, kuma a yi mata adalci, ta cancanta.

Abu ɗaya ne ya gagare ta, shi ne jikarta Lina.

Lina shekararta sha ɗaya, tana zaune da iyayenta a Minguettes, can gefen Lyon, a hawa na tara. Duk ranar Lahadi Mounkaila, ɗan Hajiya na fari, zai kira uwarsa su gaisa, sannan ya miƙa wa yarinyar waya. Sai a ji, "Bonjour Mamie, ça va?" Hajiya ta ɗauko gaisuwa tun daga kwana har gajiya har lakwal, wato makaranta, kafin ta kai rabi an mayar wa uban wayarsa. Ba rashin kunya ke damun yarinyar ba. Ba ta dai da abin da za ta ce wa tsohuwar. Hausarta ba ta taka kara ta karya ba, Faransancin Hajiya kuma na kasuwa ne, ya iya kilo da rabin kilo amma bai iya hira ba. Abin yana ci wa Hajiya rai fiye da yadda take nunawa. Jika ɗaya tilo gare ta a duk ƙasar, amma ba ta jin muryarta fiye da daƙiƙa goma a mako.

A ƙarshen watan Agusta ta rufe shago na kwana uku ta tafi Lyon duba Zaituna, matar Mounkaila, wadda cikinta ya tsufa. Ta tarar da gidan a hargitse. Zaituna na tsaye a falo riƙe da wata 'yar rigar jariri da yatsa biyu, Mounkaila na rungume da wata babbar roba mai murfi, Lina kuwa ta tare ƙofar fita tana kuka kamar ranta zai fita.

"Lahiya?" in ji Hajiya, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Inna, tsutsa," in ji Zaituna. "Tsutsa cikin kayan jinjiri. Na haƙura da ƙadangaren, amma wanga ya hi ƙarhina."

A nan Hajiya ta ji labarin. Lina tana da ƙadangare, wai ɗan Ostireliya, mai ƙaya-ƙaya a wuya kamar gemu. Yana zaune cikin akwatin gilashi, an kunna masa fitila ta musamman don kada sanyi ya taɓa shi. Sunansa Biba, sunan ƙanwar mahaifiyar Hajiya ke nan, wanda ya sa ta yi istigfari a ranta. A Maradi ƙadangare shi ke fita neman abincinsa, ko sannu ba a ce masa, amma wannan sai an kawo masa har gaban baki. Cikin abin da yake ci har da wasu tsutsotsi masu ruwan ɗorawa, tsawon gaɓar yatsa. Lina ta gaji da jiran a sayo mata, ta zuba su cikin dusa ta ce za ta yi kiwonsu da kanta su hayayyafa. Mako biyu ke nan da farawa, ɗaya ta yi ƙafa ta shiga inda bai kamata ba.

Hajiya ta dubi ɗanta. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, don haka ta ce, "Kai, aje abin ga."

Ya ajiye. Ta buɗe murfi, ta cusa hannu cikin dusar ba tare da ta yamutsa fuska ba, ta damƙo ta shinshina. Tsutsotsi suka bi tsakanin yatsunta. Lina ta daina kuka ta tsaya kallo, don ba ta taɓa ganin babba ya taɓa su da hannu ba.

"Dusar ga ta ji sanyi," in ji Hajiya. "Kwana uku ta yi hunhuna. Ku ba ni su in tahi da su."

Allah ne kaɗai ya san abin da ya sa ta faɗi haka. Ita kanta sai da maganar ta fita ta ji ta. Amma Lina ta zo da gudu ta rungume ta a ƙugu, abin da ba ta yi ba tun tana shekara huɗu, daga nan kuma babu sauran janyewa.

Ranar da za ta koma, Lina ta kawo mata wata takarda da ta cika da zane-zane da kibiyoyi da rubutu kala uku. Ta tsaya tana bayani da Faransanci mai gudu, tana nuna wannan tana nuna wancan. Hajiya tana gyaɗa kai tana "to, to," alhali ko kashi ɗaya cikin goma ba ta kama ba. A ranta kuwa cewa take, yarinyar da ba ta taɓa ganin zangarniyar gero ba ita ce za ta koya mini dusa? Ta ninke takardar gida huɗu ta cusa a aljihun jaka inda tsofaffin tikitin jirgin metro suke. Robar kuma ta naɗe ta da zani ta ɗaure, ta ɗora a cinya cikin jirgin ƙasa tun daga tashar Part-Dieu ta Lyon har Paris, tana amsa murmushin wata Baturiya da ke zaton tsaraba ce.

Kiwo dai Hajiya ta iya, wannan ba a ja da ita. A ɗakinta na unguwar Saint-Denis ta nemi wuri mai ɗumi kusa da tukunyar ruwan zafi, inda haske ba ya kaiwa. Ta sayo sabuwar dusar alkama wajen wani Balarabe maƙwabcin shagonta, ta baza ta a faifai ta sha iska. Ta huda murfin robar da ƙusa mai zafi. Da safe takan yanka karoti sirara ta jera musu, don daga nan suke samun ruwa, washegari ta kwashe abin da ya rage kafin ya lalace. Duk Juma'a ta sa rariya ta tankaɗe kashinsu, wanda yake fita kamar rairayi mai laushi, ta hure ɓawon saɓar da suka yi. Cikin kwana goma tsutsotsin suka yi ɓul-ɓul suna sheƙi. A shago kuwa ba ta gaya wa kowa ba. Ina za ta sa kanta a ji mai waken da ba ya huji tana kiwon tsutsa a gida?

Tun yammacin da ta dawo wayarta ta yi ƙara, ta duba ta ga fuskar Lina ta cika gilashin.

"Mamie, montre! Nuna, nuna!"

Ta nuna. Suka yi minti ashirin da biyar. Washegari aka sake kira, da jibi, da gata. Ƙarfe biyar da rabi, da an taso daga lakwal, Hajiya ta riga ta bar shago a hannun mai taya ta ta kama metro, wai ƙafarta ce ke ciwo. Da farko hirar ba ta wuce robar. Lina ta koyi cewa dusa, ta koyi rariya, ta yi kwana huɗu tana kokawa da kalmar tsutsa kafin harshenta ya yarda. Sannu a hankali hirar ta fara fita daga robar. Hajiya ta ji sunan ƙawar Lina, ta ji malamin lissafi yana da warin baki, ta ji yarinyar tana tsoron in jariri ya zo a manta da ita. Wannan na ƙarshe da Faransanci aka faɗe shi, can ƙasa-ƙasa, amma Hajiya ta gane shi sarai. Ta kwana tana jin daɗi da tausayi a haɗe.

A mako na uku aka fara samun matsala. Wata safiya ta ga tsutsa biyar sun fito saman dusa sun lanƙwashe, sun yi fari fat, sun gajarce, ba sa ci ba sa tafiya. Ta taɓa ɗaya da tsinke, sai ta yi wutsil da gindi ta koma ta yi shiru. Ciwo ne, in ji Hajiya, kuma mai ciwo ba ya zama cikin masu lafiya. Ta ɗauko wani kwanon sha ta zuba 'yar dusa, ta kwashe su ta sa a ciki ta rufe da faranti. Kullum sai ta sami sababbi, kullum sai ta kai su wannan asibiti nata. Ba ta gaya wa Lina ba, don kada ta tayar mata da hankali a banza.

Bayan kwana goma sha ta ɗaga farantin ta leƙa. Marasa lafiya uku sun ɓace, saura ɓawo, ga kuma ƙwari uku suna yawo a wurin hankali kwance, ɗaya ja-ja, biyu baƙaƙe wuluk.

Ƙwaro a gidan Hassia. A cikin dusar da ta zaɓa da hannunta. Kuma bai tsaya kan dusar ba, har ya cinye mata amanar jika, ya zaɓi marasa ƙarfi don tsabar rashin imani. Ta ji kunya ta ji haushi lokaci ɗaya. Kofin shayi ne a hannunta, ta kurɓe sauran, ta kwashe ƙwarin ta zube a kan tayil, ta bi su da gindin kofin ɗaya bayan ɗaya. Ƙas, ƙas, ƙas.

Daga ranar aka ɗaura yaƙi. Da ta idar da sallar asuba sai ta ɗauko tabarau da kofi ta zauna gaban robar. Ta canza dusa sau biyu, ta je ta yi wa Balaraben tas a kan yana sayar da kaya mai ƙwari, bawan Allah ya rantse har ya gaji. Ta toshe hujin murfin da tsumma mai shara-shara. Duk a banza, kullum sai ta sami sababbi, wani lokaci biyar, wani lokaci goma sha. Ta rasa ta inda suke shigowa a hawa na shida, taga a rufe. Tsutsotsin kuwa sai raguwa suke. Da yamma in Lina ta kira, Hajiya takan tara su a lungu ɗaya ƙarƙashin karoti ta kanga wayar daidai nan don su yi kamar suna da yawa. Yarinyar takan jero tambayoyi da kalmomin lakwal, Hajiya ta amsa duka da amsa ɗaya.

"Duk suna lahiya."

"Bébé fa, Mamie? Akwai bébé?"

"Tukuna. Haihuwa ba a yi mata gaggawa."

"Kin karanta takarda?"

"Na karanta," in ji Hajiya, ta kawar da kai daga wayar.

Ranar wata Asabar cikin Oktoba Zaituna ta sauka, an sami namiji. Mounkaila ya kira da murna, aka sa suna Asabar mai zuwa. Lina ta karɓe wayar tana tsalle, ta ce in Mamie za ta zo ta ɗebo mata jariran tsutsa a ɗan kwano ta gani, ai yanzu dole sun fito. Hajiya ta ce to. Da aka kashe waya ta je ta tankaɗe robar gaba ɗaya. Tsutsa goma sha ɗaya ta samu, daga abin da ya fi ɗari uku. A kwanon asibiti kuma saura bakwai.

Washegari da hantsi ta ɗauki kwanon da robar ta ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tata. Comfort ce a ciki, 'yar Kafanchan, tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Shekara shida suna maƙwabtaka, da Sallah Hajiya ta aika mata nama, da Kirsimeti ita ta aiko da cincin. Bayan sun gaisa Hajiya ta rage murya kamar mai neman maganin abin kunya.

"Ɗiyata, ke da kike aikin likita. Ba wani magani da ka kashe ƙwaro ya bar tsutsa?"

Comfort ta sa ta zauna, ta ji labari daga farko. Tun a tsakiya dariya ta fara cin Comfort. Ta ɗaga farantin ta leƙa kwanon, ta daɗe tana kallo, sannan ta kai shi bakin taga.

"Hajiya, zo ki ga wani abu. Sa gilashinki."

Ɗaya daga cikin fararen nan tana motsi ba tare da an taɓa ta ba. Bayanta ya tsage. Wani abu yana turo kansa waje a hankali, fari-fari, mai jan kai, jikinsa laushi kamar bai gama nuna ba. Ya zaro ƙafa ɗaya, ya zaro ta biyu. Hajiya tana ƙirgawa a ranta ba da son ranta ba, har aka kai shida. Ya bar ɓawon a baya ya tsaya yana karkaɗa 'yan ƙahonninsa.

"Nan da kwana biyu zai zama ja, daga nan ya yi baƙi," in ji Comfort. "Ba daga waje suke zuwa ba, Hajiya. Tsutsar ce da kanta. Ba ciwo take yi ba, girma take yi. Kuma su baƙaƙen nan su ne ke yin ƙwai. Tsutsa ba ta haihuwa."

Hajiya ta nemi kujera da hannu ta zauna.

"Nawa kika kashe?"

Hajiya ta shiga lissafi da yatsu. Comfort ta yi iya ƙoƙarinta, ta cije leɓe, ta kalli silin, amma abin ya fi ƙarfinta. Ta fashe da dariya har ta durƙusa tana riƙe da ciki tana cewa, "Sori, Hajiya, sori, wallahi ba da gangan ba ne." Hajiya ta lalubo takardar nan daga aljihun jaka, ta warware ta a karon farko. Ba sai an karanta mata ba. Ga ƙwai, ga kibiya, ga tsutsa, ga kibiya, ga farar nan a lanƙwashe, ga baƙin ƙwaro, ga wata kibiya ta zagayo ta koma kan ƙwai. Kusa da ƙwaron yarinyar ta zana zuciya da jan biro, ta rubuta papa da maman.

"Innalillahi," in ji Hajiya. "Sati uku ina tashi da asuba ina murƙushe amanar ɗiyar mutane da gindin kofi."

Ba ƙwarin ne suka fi damunta ba, kiran ƙarfe biyar da rabi ne. Ta san abin da ya kawo shi, ta kuma ga abin yana shirin ƙarewa a hannunta. In babu tsutsa, me Lina za ta kira ta gani? Fuskar tsohuwa?

Comfort ta share hawayen dariya ta kawo shawara. A shagon kayan dabbobi ana sayar da ƙanana, 'yan mitsi-mitsi. A sayo a zuba cikin dusar Hajiya, wa zai bambanta? Kafin nan waɗannan bakwai sun fashe sun yi ƙwai, komai ya koma daidai. Hajiya ta ce ita ba ta taɓa haɗa tsohon wake da sabo ta sayar ba. Ta faɗi haka da ƙarfi har sau biyu. Ranar Laraba kuma ta ba Comfort saƙon a sayo.

Ranar suna gidan Mounkaila ya cika maƙil. Matan Maradi da na Damagaram na Lyon duk sun zo, wasu ma daga Paris suka biyo jirgin safe tare da Hajiya. Takalma sun taru a ƙofa har bakin lif, ƙamshin shinkafa da naman rago ya gauraye da turaren wuta. Yaro ya ci suna Walid. Hajiya ba ta gama yi masa addu'a ba Lina ta kama hannunta ta ja ta zuwa ɗakinta.

Aka buɗe ɗan kwanon a kan tebur, kusa da akwatin Biba. Lina ta tona dusar da bayan cokali, sai ga su nan, sirara kamar zare, suna ta motsi. Ta yi ihu. Ta sumbaci Hajiya a kumatu biyu.

"Kin iya, Mamie! Kin iya! Ni ban iya ba, ke kin iya!" Ta ce in an koma lakwal za ta gaya wa duk ajinsu cewa kakarta ta fi kowa, har ta juya za ta kai wa babanta ya gani.

Da yarinyar ta yi shiru ta karɓa, wataƙila da ƙaryar ta wuce lafiya. Yabon ne Hajiya ta kasa haɗiyewa. Ta miƙa hannu ta tura ƙofar ta rufe.

"Zamna, Lina."

Ta gaya mata komai, a hankali, da Hausa, inda Hausar ta yi wa yarinyar nauyi ta cike da Faransancinta na kilo da rabin kilo. Waɗannan sayo su aka yi. Takarda ba ta karanta ba sai ranar Lahadi. Fararen ta zaci ciwo ne. Baƙaƙen ta zaci ɓarayi ne.

"Ina baƙaƙe?" in ji Lina.

"Na kashe su."

"Duka?"

"Saura huɗu. Da uku da ba su hwashe ba."

"Da mi?"

Hajiya ta so a ce ba a yi wannan tambayar ba. "Da kofin shayi."

Lina ta dube ta, idanunta suka ciko. Ba ta yi ihu ba, wanda da ya fi sauƙi. Ta tashi ta buɗe ƙofa ta fita, ta bar Hajiya zaune a bakin ƙaramin gado. Biba ya ɗago kai daga kan dutsensa ya zuba mata ido ɗaya.

"Kai kuma mi kake kallo?" in ji ta. Amma muryar ba ta da ƙarfi.

Ta fito ta shiga cikin mata, ta raba abinci, ta amsa barka, ta yi dariya inda ake dariya. Zuciyarta kuwa a jagule take. Sau biyu suna haɗuwa da Lina a hanyar kicin, yarinyar ta sunkuyar da kai ta wuce. Hajiya ta fara shirya wa kanta haƙuri. Ta yi wata ɗaya da rabi tana da jika, wasu ko wannan ba su samu ba. Ta gaya wa kanta haka sau da yawa, bai rage komai ba.

Bayan la'asar Mounkaila ya shigo falo yi wa mata godiya. Yana cikin magana Lina ta fito daga ɗakinta riƙe da kalandar lakwal, ta tsaya a gabansa, idanunta jajir. Da Faransanci ta fara, sai ta dubi kakarta, ta ga dama tana so a ji ta da kyau, ta juya harshe.

"Papa, Mamie ba ta iya ba."

Mata suka juyo gaba ɗaya, ita kuwa ta ci gaba.

"Ta kashe su. Da kofi. Ba ta karanta takarda ba, ta ce ta karanta. Saura huɗu." Ta ɗaga yatsu huɗu ta nuna wa kowa. "In an bar ta ita ɗaya, huɗu ma sun mutu. Hutun bakansi ya fara yau. Sati biyu. Ni zan tahi Paris da ita, in koya mata."

Wata tsohuwar ƙawar Hajiya ta tambayi me aka kashe, Zaituna ta ba da amsa daga kan kujera tana danne dariya, labari ya zagaye falon cikin minti ɗaya. Hassia mai wake tana kiwon tsutsa! Mata suka kwashe da shewa, wata har da tafi. Mounkaila kuwa bai yi dariya ba. Ya san uwarsa. A gabansa ta taɓa korar babban dillali daga shago don ya ce ta yi kuskuren awo, ga shi yau 'yarsa ta tsaya a tsakiyar taro ta kira ta maƙaryaciya wadda ba ta iya ba.

"Lina, ba a yi wa manya haka," ya ce da sauri. "Inna, ki yi haƙuri, yarinta ce. Ba za ta zo ta dame ki ba, ga shago, ga ciwon ƙahwa."

"Kai, wa ya tambaye ka?" in ji Hajiya.

Ta ajiye farantin da ke hannunta. Ta gyara mayafi, ta sha kunu yadda ta saba, amma idanunta sun riga sun ba da ita, sai ƙyalli suke. Sati biyu, safe da yamma, a ɗaki ɗaya. Ta dubi matan nan da suka shekara ashirin ba su taɓa jin ta ce ta yi kuskure ba, sannan ta dubi jikarta.

"Gaskiya ta hwaɗi," ta ce. "Ban iya ba ko kaɗan. Kaina ya yi tauri, ga tsuhwa. Ku haɗa mata kaya da yawa, don ban ga alamar sati biyu za su ishe ni in koya ba."